Kwalbar Fosfaras a Zauren Surukina

Ba zan taɓa mantawa da hantsin da na je gaida surukina a Kebbe ba, da aikin wata takwas a aljihun rigata.

Ba a daɗe da samun mulkin kai ba gwamnatin Arewa ta tura ni Ingila karatun sinadarai. Aikina a kan wasu ƙwayoyin sinadari ne masu siffar zobe, masu ɗauke da fosfaras (dangin abin da ke sa ashana kamawa). Mukan ƙara wa ƙwayar ɗigon lantarki ɗaya, ruwan ya rikiɗe ya yi launi, mu zuƙe iskar kwalbar tas, mu liƙe bakinta da wuta. Daga nan sai injin maganaɗisu, ya zana layuka a doguwar takarda, fosfaras ya raba kowane layi biyu. Ni kuwa in na ga layukan nan bibbiyu, sai tunanina ya tafi Kebbe wurin Hajo, wadda mahaifinta, Malam Ladan, ya ce zai ba ni ranar da na ƙare karatu.

Sai da na sha wata takwas kafin kwalba guda ta yi kyau, 'yar siririya kamar yatsa, shuɗiya kamar rinin da bai bushe ba. Awon ƙarshe ya rage hutu ya zo. Malamina ya ce in ajiye ta wuri mai sanyi. Ni gwanin wayo na naɗe ta a auduga na taho da ita gida Tambuwal (kada ku tambaye ni dalili, son a sani ne kawai).

A motar Kebbe ina ta mafarki ido biyu: na ɗaga kwalba a rana, dattawa suna kabbara, Hajo tana leƙe ta bayan zana.

Muka shiga zaure da abokina Ummaru, muka tarar da Malam Ladan da liman da wasu dattawa, muka durƙusa. Bayan gaisuwa Malam ya ce, "To ɗana, mi ka karanta can?"

Maimakon in yi bayani, sai na zaro kwalbar na miƙa da hannu biyu, kai a sunkuye. Hannu biyu fa! A ƙasarmu duk abin da matafiyi ya miƙa wa suruki haka, ai tsaraba ce.

"Madalla! Turaren Turai na? Allah shi yi albarka."

Ya juya ta bai ga murfi ba, ya sa gefen rawani ya kama wuyanta. Na buɗe baki, kunya ta rufe shi. Wa ke ce wa suruki maido min? Ƙaras! Ya karya wuyan. Iska na shiga, shuɗin nan ya dushe a idona, ya koma kamar ruwan tsari. Wallahi na ji kamar in yi kuka.

Sannan wari ya tashi, tafarnuwa da ruɓaɓɓen kifi a haɗe. Malam, mutumin kirki, ya ɗiga a hannun riga, ya shinshina, idonsa ya kawo ruwa. Ya ce, "Turaren Turawa akwai ƙarfi." Ya miƙa wa liman. Haka kwalbar ta zaga zaure, kowa ya ɗiga ya yi godiya, don kada a kunyata baƙo. Ummaru ya cusa fuska cikin riga, kafaɗunsa na rawa.

Na koma na sake aikin daga farko. Biki ya ƙara wata takwas. Malam ya aiko yana tambaya ko karatun ne ya yi min wuya, na amsa da e, har ya bar duniya ban faɗa masa shi ya shafe shi a hannun riga ba.

Hajo ta sani. Shekara da shekaru, duk sallah in na ɗauko turare sai ta ce, "Tsaya, wanga na kasuwa na ko na karatu?"

Tun ranar, ba na zaro komai daga aljihu a gaban manya sai abin da na riga na haƙura da shi.