Sanarwar Rasuwar Hajiya Ordinatar

Da zuciya mai cike da baƙin ciki da tsoro, Mourtala, mai kula da manhajar motocin Alhaji Nasser a tashar Agadez, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar tsohuwar na'urarsa ta kwamfuta, Hajiya Ordinatar, wadda ta cika jiya da azahar a ƙarƙashin teburinsa.

Marigayiya mai haƙuri ce. Kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke, kuran ya dawo, ba ta taɓa kai ƙara ba. Da safe takan gaishe shi da "tit", ta yini tana "fuuu" kamar zugazugin maƙeri. Babbar amanarta kuwa wani ɗan fishiye ne, wato fayil, da take riƙe da shi. Duk ranar da Mourtala zai haɗa sassan manhaja ya gwada su tare, wannan fishiyen ne ke gaya musu cewa yau wasa ake yi, su aika saƙo ga lambobin ƙarya, kada su taɓa salular kowa. Bai ajiye shi a ko'ina ba sai a cikinta, don a ganinsa wa ya fi uwa riƙon amana.

Jinyarta gajeriya ce. Zafin bana ya sa mata zazzaɓi, jikinta ya yi rau. Mourtala, don tsabar ƙauna, ya yi mata abin da ake yi wa bidon ɗin ruwa, wato jarka, a hanyar Bilma: ya jiƙa buhu sharkaf ya lulluɓe ta. Ta ce "tit, tit, tsss", ta yi shiru.

Da a nan abin ya tsaya, da sauƙi. Cikin ruɗewa ya ari na'urar Kadidia mai sayar da tikiti, ya sa gwajin a can. Manhaja ta nemi fishiyen marigayiya ta rasa, ba ta yi shawara da kowa ba ta ɗauki lambobin gaske. Gwajin ranar kuwa na saƙon gaggawa ne. Nan take wayoyin salular iyalan direbobi duka suka yi ƙara, wai mota ta kife a Aderbissinat.

Kafin la'asar tasha ta cika da kuka. Fulera, matar direba Marwan, ta suma sau biyu, maƙwabta har sun shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Shi kuwa Marwan yana Aderbissinat ɗin lafiya lau, yana cin balangu, sai ga surukinsa ya kira yana tambayar wa zai kawo gawa.

Marigayiya ta bar allo guda mai tsaga, da linzami gurgu, wato maus, da maraya Mourtala, wanda tun jiya yake ɓoye. Tsoro yake ji, tsoro na gaske. Duk motar da ta taka birki a bakin tasha sai ya ƙara lafewa. Alhaji Nasser bai ce komai ba tukuna, kuma waɗanda suka san Alhaji sun san shirunsa ya fi faɗansa ciwo.

Za a kai marigayiya makwancinta gobe da hantsi, a tarin ƙarafan da ke bayan shagon mai gyara. Ana karɓar gaisuwa ta hannun Kadidia, don mai makoki ba ya son a san inda yake. An samu labarin Marwan ya kamo hanya, ya kuma aiko a ajiye masa Mourtala. Saboda haka ana roƙon masu rakiya kada su watse da wuri, mai yiwuwa rami biyu za a haƙa.