Ranar da na dafa haƙoran Baba

Ba zan taɓa mantawa da ranar auren yayata Rabi ba, ko da yake na so ƙwarai in manta.

Babanmu yana sa haƙoran roba, na sama da na ƙasa, amma duk unguwarmu ta Kalley ba wanda ya sani. Mutumin Damagaram ne mai ji da kansa, tsohon ma'aikaci, ko farce ba ya yankewa a gaban mutane. Inna ce kaɗai take wanke masa su a ɓoye. Da ta rasu, ga hannunsa ya fara rawa, sai ya kira ni ɗaki, ya rufe ƙofa, ya miƙo mini wani kofi ba tare da ya dube ni ba.

"Buroshi mai laushi, sabulu kaɗan, ruwan sanyi. Su kwana cikin ruwa. Kuma daga ni sai ke, Auta."

Ni ya zaɓa don ni ce marar magana a gidan. Wata takwas ina yi ba kuskure. (Har na rubuta ƙa'idojin a bayan kayena, wato littafin rubutuna na makaranta, na ja musu jan layi. Irina ke nan.)

Ranar bikin na ce yau sai Baba ya fi kowa haske. Shekarata ta biyu a jami'a, ina karatun ilimin halittu, na san zafi yana kashe ƙwayoyin cuta. Da asuba na ɗora tukunya a gaz, na zuba haƙoran, na tsaya da agogo a hannu. Minti goma cif, don ni ba na aikin ganganci.

Da na tsamo su, na ƙasan ya buɗe kamar takalmin da ya sha tafiya, na saman ya karkace. Baba ya gwada sau uku. A na ukun dasashinsa ya yi jini. Bai yi faɗa ba. Ya ajiye su, ya ɗauki hiraminsa ya naɗe bakinsa, ya fita.

Haka ya wuni. Aka ɗaura aure yana gyaɗa kai kawai. Aka kawo dambu da nama, ya ture. Masu gaisuwa sai dai ya ɗaga musu hannu. Kafin la'asar magana ta zagaye gidan: Alhaji ba ya son auren nan.

Bayan magariba dangin ango suka zo daga unguwar Gamkalley ɗaukar amarya. Aka kai Rabi gaban Baba don ya yi mata nasiha ya sa albarka, kamar yadda ake yi. Falo ya cika da mata. Rabi ta durƙusa. Baba ya yi shiru.

Gwaggon ango, wata dattijuwar Bazabarma, ta gyara mayafi. "Alhaji, in mun yi laifi a faɗa mana. Tun safe ko gaisuwar fofo ba ka amsa mana ba."

Rabi ta ɗago tana kuka. "Baba, in ba ka yarda ba, wallahi ba ni fita gidan nan. Inna ba ta nan, kai ma ka yi mini shiru?"

A nan ne ni, wadda ko a aji ba ta ɗaga hannu, na ji muryata ta cika falo:

"Ba fushi yake ba! Ni ce na dafa masa haƙoransa!"

Sai wata daga baya ta ce, "Dafa me? Da miya ko da yaji?" Dariya ta ɓarke, tanti Hadiza, ƙanwar Inna, tana dukan cinya. Ni kuwa Baba nake kallo. Sirrin da Inna ta tafi da shi kabari, na shanya shi a gaban surukai.

A hankali ya kwance hiramin. Ban taɓa ganin fuskarsa haka a cikin haske ba: kumatu sun faɗa, leɓe ya shige ciki, tsoho tukuf. Dariyar ta mutu da kanta. Ya dafa kan Rabi, ya yi nasiharsa, kalmomin suna fita da iska, rabinsu ba a ji. Ba wanda ya ce ya maimaita. Gwaggon ango ma sai da ta share ido.

Da gida ya watse na tsuguna a bakin ƙofarsa.

"Tashi, likita," in ji shi. "Je ki dama mini kunu. Shi kam yana son wuta."

Sati uku yana shan kunu kafin a yi masa sababbi. Bai sake fita zaman hira a ƙofar gida kamar da ba, kuma bai taɓa cewa saboda ni ne ba. Kofin ma ni ya sake miƙa wa.

Abin da na koya guda biyu ne. Haƙoran roba ba a kai su kusa da ruwan zafi, komai karatunki. Kuma wadda ta yi shekara ashirin tana shiru, ta daure ta ƙara minti biyar.