Yadda Ake Saita Haƙurin Sabar Ranar Rajistar Ɗalibai

Ɗan'uwa, an damƙa maka sabar biyu, wato manyan kwamfutocin da ke riƙe da shafin makaranta. An ce in ta farko ta yi shiru, ta biyu ta karɓi aiki, amma ba ka san tsawon jiran da za ka sa mata ba. Kwantar da hankalinka. Bi matakan nan, wallahi kafin azahar har mai gadi zai san sunanka.

1. Kada ka karanta littafin umarnin na'urar
Shafi ɗari huɗu ne. Ɗora kofin shayinka a kai.

2. Sa talatin
Lamba ce mai kwarjini. Haka na sa, ina nufin daƙiƙa talatin. Ashe na'urar da ɗaya bisa dubu na daƙiƙa take ƙirga. Ta farko na ƙifta ido, ta biyu ta ce ta mutu, ta ƙwace aiki. Ta farko ta farfaɗo ta ƙwace abinta. Suka yi ta kokawa, yarinya ɗaya ta samu rajista sau tara.

3. In Oga ya leƙo, ɗaure fuska
Zai ce, "Malam, lafiya shafin ke rawa?"
Ka ce, "Ranka ya daɗe, gaisawa suke yi."

4. Ƙara sifili
Kar ka yi rowa, zuba biyar. Yanzu ta biyu ta koyi ladabi. Ta farko ta faɗi warwas, ita kuwa tana zaune, sai ta cika kusan awa guda. Iyaye sun cika baranda, rajista kuma ƙarfe biyu za a rufe.

5. Nemo Anti Injiniya
Ita ce wadda ka ce ba ka buƙatar taimakonta. Za ta ɗaga kofin, ta buɗe shafi na sha biyu.
"Ƙanena, daƙiƙa biyar ake sawa, ta biyu ta ƙwanƙwasa wa ta farko sau uku, in ba amsa sannan ta karɓa. Wa ya koya maka wannan ɓarna?"
Kada ka ambace ni. Gyaɗa kai kawai, ka ce daman abin da kake shirin yi ke nan. Minti biyu za ta gyara, baranda ta ɗauki tafi.

Gargaɗi: duk abin da ya biyo baya, ba ruwana, ban san ka ba. Mai ƙorafi ya same ni a ɗakin fotokwafi, can aka mayar da ni. Ya taho da takardarsa.