Ranar da Na Yi wa Mai Sanƙo Ƙazafi da Lasifika

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da na so (kuma Allah ya sani na so), da ranar da aka miƙa mini lasifika a ƙofar gidan Alhaji Sule Mai Tifa, a Sheme, aka ce in fassara wa jama'a fim ɗin Indiya.

Lokacin ne kuɗin man fetur suka fara malalowa har ƙauye. Wanda jiya yake korar jaki, yau maganar siminti da kwanon rufi yake. Ni kuwa sabon malamin firamare ne, na dawo daga kwalejin horon malamai da takardar shaida, da wando mai faɗin ƙafa wanda ke share hanya kafin in wuce, da gashi tuli guda wanda ba hular da ke iya zama a kansa. Ina kuma da ra'ayi a kan komai, musamman fim.

Ra'ayina shi ne duk fina-finan soyayya labari ɗaya ne aka canja wa riga. Ga akta kyakkyawa, ga yarinya, ga bos mai mugunta. A yi waƙa a gindin itace, a sace yarinya, akta ya zo a kan babur ya lallasa mutum goma ba tare da gashinsa ya hargitse ba. Marubutan, in ji ni, ba su da ƙirƙira, kwafar juna suke kamar 'yan aji uku ranar jarrabawa. Wannan lacca na yi ta a ofishin malamai, na yi ta a teburin mai shayi, na kuma yi ta (a nan ne wautar take) a zauren Alhaji Sule, inda nake zuwa zance wurin ɗiyarsa Hadiza.

Hadiza malama ce ita ma, makarantarmu ɗaya. Tana da wani irin shiru da na ɗauka na sha'awar ilimina ne. Mun daidaita tsakaninmu, abin da ya rage kawai mahaifinta ya ce in turo magabatana, shi kuwa ya ƙi cewa e, ya ƙi cewa a'a. Duk sanda na durƙusa gaishe shi, sai ya dubi wandona tukuna, sannan ya amsa.

Akwai kuma wata 'yar matsala. A silimar Zariya, inda na yi karatu, fina-finan Indiya suna zuwa da rubutun Turanci a ƙasa. Ni ke karantawa in gaya wa abokai. Kafin labarin ya iso Sheme ya riga ya yi ƙiba: wai Malam yana jin Indiyanci kamar a can aka yanke masa cibiya. Ban taɓa cewa ina ji ba. Ban dai taɓa cewa ba na ji ba.

To, Alhaji ya gama sabon gida na siminti, ya sayi injin wuta, ya ce tarewar ba za ta tafi haka kawai ba. Ya yi hayar majigi daga Funtua na kwana biyu. Ba irin majigin gwamnati na takin zamani da allurar shanu ba, fim na gaske. Ya tura tifarsa ta kwaso 'yan'uwa daga Ketare, wasu suka taso tun daga Damari. Bayan sallar isha'i aka ɗaure farin ƙyalle a jikin bango, maza a dama, mata a hagu, yara a gaba cikin ƙasa. Sai Alhaji ya yafuto ni.

"Malam, an ce kai ne kake jin yaren mutanen ga. To ga lasifika. A yi muna bayani tiryan-tiryan."

Na ce, "Ranka ya daɗe, an gama." Na ma ɗan leƙa ɓangaren mata don in tabbatar Hadiza ta ji.

Injin ya tashi, haske ya faɗa kan ƙyalle, sunaye suka wuce. Mutane suka fara magana a fim. Na kai idona ƙasa inda rubutu yake fitowa. Babu. Na jira. Babu. Ko ɗigo. Na ji wani sanyi ya bi ta cikin faffaɗan wandon nan ya hau har wuya.

Amma sai na tuna ni ne fa mai cewa duk labarin ɗaya ne. Wanda ya san hanya me zai yi da fitila? Na gyara murya.

Ga yarinya ta fito, tana koyar da ɗinki a wani ɗan shago. Ga wani saurayi kyakkyawa, gashi ya sha mai, yana zuwa yana tsokanarta. Na ce, "Jama'a, ga akta!" Samari suka ɗauki tafi da fito. Sai ga wani mutum, gajere, mai tumbi, mai gashin baki, kansa tal kamar ƙoƙo, yana gyaran agogo a shagon da ke kallon nata. Kullum in ruwan sama ya sauko sai ya tsallako ya ajiye mata lema a bakin ƙofa, ya koma bai ce komai ba.

Na ce, "Wannan shi ne bos. Lemar nan da kuke gani, asiri ne a jikinta."

"Allah ya tsine mashi!" in ji wani daga baya.

Daɗin abin ya kwashe ni. Duk abin da bawan Allahn nan ya yi, sai na ba shi mummunar fassara. Ya ba yaro alewa, na ce ɗan leƙen asiri yake saye. Ya zauna shi kaɗai yana cin abinci, na ce ko 'yan'uwansa sun gudu saboda rowa. Da yarinyar ta ɗaura wa kyakkyawan saurayin wani zare a hannu, na ce, "An yi baiko!" Wata mata ta rangaɗa guɗa, amma guɗar ba ta samu mataimaka ba.

Gaskiya tun daga nan ɓangaren mata ya fara gunaguni. Ina jin ana cewa, "Anya? Ku dubi yadda take kallon mai agogon in ya juya baya." Wata ta ɗaga murya: "Malam, wanga yaro ai kamarsu guda da ita. Ba ƙanenta ba ne?"

Na amsa da lasifika, don kowa ya amfana: "Iyayenmu mata, a yi haƙuri. Indiyawa duk kamarsu ɗaya. A bar wa masu jin yaren."

Samari kuma nasu ƙorafin daban. An ci rabin fim ba a mari kowa ba. "Malam, yaushe za a fara faɗan?" Na ce yana tafe. "Ina rawar?" Na ce sai an sace yarinyar tukuna. Waƙa ɗaya tak aka yi, ita ma mai sanƙon ne ya yi ta ƙasa-ƙasa yana goge gilashin agogo. Na ce kirarin mugunta yake wa kansa.

Da aka tsaya canja faifai aka kunna ƙwan lantarki, sai na ga abin da ban lura da shi ba a cikin duhu. An sa kujera kusa da ta Alhaji, kuma a kanta ga wani Ba'indiye zaune, da tabarau, da alƙalami a aljihu. Malamin lissafi ne a wata sakandare da ke kusa (a shekarun nan kusan kowace sakandare da nata Ba'indiyen), Alhaji ya gina musu ajujuwa, ya gayyace shi. Tun yaushe ya iso, ban sani ba. Na dai ga yana share hawaye da hankici, kafaɗunsa suna rawa. Na gaya wa kaina tausayin yarinyar ne ya kama shi.

Mai hankali a nan zai ce maƙogwaronsa ya bushe, ya ajiye lasifika, ya sulale. Ni sai na ga gara in ƙara wuta, ko ƙarfin murya ya rufe raunin hujja.

Aka ci gaba. Mai agogo ya fito, an cika ƙyallen da fuskarsa. Na ce, "Jama'a, ku dube shi da kyau, wannan darasi ne. Duk inda kuka ga mutum gajere, ga tumbi, ga gashin baki, ga sanƙo yana ƙyalli kamar an shafa man gyaɗa, to kada ku ba shi ajiyar ko allura. Wace mace mai hankali za ta so wannan? Ko a kyauta aka ba ta, sai ta nemi ciko!"

Na jira dariya. Yara kawai suka yi, su ma aka yi musu tsawa.

Na sauke ido. Daren akwai zafi, ga taro, Alhaji ya tuɓe hularsa ya ɗora a gwiwa. Ban taɓa ganinsa ba hula ba. Hasken majigi yana wucewa daidai saman kansa, kuma kan nan yana mayar da hasken, tal, babu ko silin gashi. Gajarta da tumbi da gashin baki kuwa, waɗannan na daɗe da saninsu, ban dai taɓa haɗa lissafin ba. A hankali, ba tare da ya waiwayo ba, ya ɗauki hular ya mayar.

Daga nan fim ɗin ya shiga rushe ni bulo-bulo. Aka zo tashar jirgin ƙasa. Da 'yar muryar da ta rage mini na ce yanzu akta zai iso a kan babur. Ya iso kuwa, amma da ƙafa, ɗauke da akwatin yarinyar a ka. Ya kama hannunta ya sa a hannun mai sanƙo, ya durƙusa ya taɓa ƙafafunsu. Ita kuma ta buɗe tsohuwar lemar nan ta rufe kansu su biyu, alhali ko yayyafi ba a yi. Shi ke nan. Fim ya ƙare.

Ɓangaren mata ya kece da guɗa, ta gaske wannan karon. "Ba mu gaya maka ba!" "Mai haƙuri ta ɗauka, 'yar albarka!" Samari kuwa suka tashi da faɗa. "Wanga wane irin fim ne, bos ya tafi da yarinya?" "An cuce mu!" Wani daga Ketare har yana cewa a maido masa da kuɗinsa, shi da aka kawo kyauta a bayan tifa. Wani dattijo mai furfura ya ce shi dai tun da yake bai taɓa ganin fim mai hankali irin wannan ba. Gardama ta kaure, kowa na neman in raba, ni kuwa ina neman inda ƙasa ta fi taushi.

Sai Alhaji ya ce, "Malam, matso. Ga ɗan'uwanka, ku gaisa da yarenku."

Ba'indiyen ya miƙe, ya haɗa tafukansa, ya jero mini wata doguwar magana mai daɗin ji. Na dube shi. Ya dube ni. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Lafiya lau." Lasifikar tana hannuna, kuma a kunne.

Mutumin kirki ne, ya so ya cece ni. Da 'yar Hausarsa ya ce, "Alhaji, yaro ƙane ne. Mai agogo mutum mai kyau. Amma Malam ya yi ƙoƙari. Malam ya rubuta nasa fim. Fim biyu mun kalla yau, kuɗin ɗaya."

Washegari na koyar da darasin lissafi ina fuskantar allo daga farko har ƙarshe. Da aka tashi hutun ƙarfe tara, Hadiza ta same ni a bayan aji. Ban taɓa jin ta yi doguwar magana irin ta ranar ba.

"Malam, wata nawa kana cika mini kunne da cewa marubuta ba su da sabon labari? Jiya an kawo maka sabo har ƙofar gida. Kai ka tsaya da lasifika ka mayar da shi tsoho." Ta juya za ta tafi, ta ƙara da cewa, "Baba na kiranka da la'asar."

Na tafi kamar mai zuwa karɓar takardar kora. Na ma ari hula, na danna gashin ciki da ƙyar. Na tarar da shi a zaure. Ina durƙusawa ya tuɓe tasa hular, ya ajiye a tsakaninmu, ya shafa kan da tafin hannu.

"Malam, bos ne ya kira ka."

"Alhaji, don girman Allah..."

"Tsaya. Ni tun da nike, sau guda na ga an yi wa irinmu adalci a fim. Sau guda. Kai kuma ka tashi kana zaginmu, da lasifikar da ni na yi haya, da wutar injin da ni na saya." Na fara karanto abin da ya sawwaƙa a zuci, shi kuwa ya ci gaba. "Yau za a sake nuna shi. Za ka zauna kusa da ni. Ba lasifika. In ka kai ƙarshe ba ka ce uffan ba, ka turo manyanka. Ina son in gani ko bakin nan naka yana da birki, kafin in ba shi ɗiyata."

Na zauna. Ba wanda ya fassara komai a daren, kuma abin da ya fi yi mini ciwo ke nan: kowa ya gane. Har samarin da suka yi bore jiya suka yi tsit wurin lemar. Sau biyu bayani ya taso mini har maƙogwaro (akwai wata dabara ta marubucin da na ga ya kamata jama'a su lura da ita), sai in ji gwiwar Alhaji ta taɓa tawa, in haɗiye. Da aka zo tashar jirgi na saci kallonsa, na ga yana goge ido da bakin hula.

Aka ɗaura aure bayan kaka.

Abin da na koya bai da yawa: in labari ya ƙi bin hanyar da ka sani, rufe baki ka bi shi, wataƙila shi ya san inda za shi. Sauran darasin kuwa shekaru ne suka ƙarasa mini. Tulin gashin nan ya tafi tun ban yi ritaya ba, tumbi ya zo ya maye gurbinsa, gashin baki kuma Hajiya Hadiza ce da kanta ta ce in bari. Yanzu duk sanda na dawo daga masallaci na tuɓe hula, sai ta ɗago kai ta ce wa jikoki, "Ku ɓoye alluranku, bos ya shigo."

Su a zatonsu sarauta ce. Ban gyara musu fassarar ba.