Rasuwar Amale, Keken Dogon Tela

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma haushin da ya ƙi sauka, Dogon Tela mai shagon ɗinki na ƙarshen layi yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki, da masu kawo ɗinki, da ɗaukacin 'yan ƙungiyar masu doguwar tafiya a keke, rasuwar kekensa kuma abokin hanyarsa, Amale. Marigayin ya cika ranar Talata da hantsi a bayan shagon wani mai walda, bayan gajeriyar jinya wadda masu jinyar da kansu suka ɗora masa. Ya rasu bayan shekara goma sha tara a hannun mai shi, saura kwana huɗu cif a tashi tafiyar da aka yi shekara shida ana yi masa tanadinta.

Ga wanda bai sani ba, tafiyar ta kwana goma sha biyu ce, daga ƙofar shagon har bakin teku, mutum goma sha huɗu, kowa da kayansa a kan kekensa. Sau uku Dogon Tela yana ɗaga ta saboda aiki da hidimar gida. Bana kam ba ta ɗaguwa, domin likita ya riga ya sa masa ranar aikin gwiwa a wata mai zuwa, ya kuma faɗa masa ba ɓoye-ɓoye: "Malam, bayan aikin nan ka yi yawonka a miƙaƙƙen titi son ranka. Amma hawan tudu da kaya a baya, ka yi sallama da shi." To wannan ce tafiyar, babu wata a bayanta.

Marigayi Amale keke ne na ƙarfe zalla, kore, mai natsuwa. Kafin haɗuwarsu Dogon Tela ya hau keke bakwai, duk bakwai ɗin sun wulaƙanta shi, don mutum ne da sai ya sunkuya yake shiga ƙofar shagonsa. In ya taka feda gwiwarsa ta daki kan keken, in ya ɗaga sirdi har ƙarshe ya zama kamar mai tsintar allura a ƙasa. Ranar da ya ga Amale jingine a lungun Baba mai gyaran keke, ya zaro tef ɗinsa na awo ya auna firam ɗin, wato gangar jikin keken, daga sirdi zuwa feda, daga sirdi zuwa kai. Ya sake aunawa. Sannan ya zauna a kan benci ya ƙura wa keken ido, har Baba ya tambaye shi ko lafiya.

An shaidi marigayin da kyawawan halaye. Yana da dogon baya, diddigen mai shi bai taɓa shurin jakar kaya ba. Yana da hudojin ɗaura kariya, wato ƙarfen ɗora kaya, gaba da baya, ba sai an bi shi da waya da igiya ba. In an labta masa jaka huɗu da tanti da gorar ruwa, a nan ma yake ƙara samun natsuwa, ya gangara tudu ba rawar jiki. Yana da nauyi, wannan ba a musu, kuma 'yan ƙungiya sun sha yi masa gori a kai. Bai taɓa tankawa ba. Maganarsa duka ba ta wuce uku: tik-tik-tik in an saki feda yana gangara, ƙyat in an canza giya, sai wani ɗan ƙiii da birkin baya yake yi in an yi ruwa. Farantan sarƙa uku gare shi a gaba, giya bakwai a baya, kuma da su ya kai mai shi duk inda ya nufa ya dawo da shi.

Game da ciwon ajali kuwa, iyalan mamacin sun ga ya dace a faɗi gaskiya, ko da wasu za su ji babu daɗi. Su ji ɗin.

Amale ba shi da ciwon komai. Gwiwar mai shi ce ke ciwo. A rana ta biyar ta tafiyar akwai wani dogon hawa da ake yin rabin wuni ba a ga ƙarshensa ba, Dogon Tela kuma ya so ya sami giya guda ɗaya tak da ta fi waɗanda yake da su laushi, don ya hau a zaune ba tare da ya sauka ya tura ba. Ya je wajen Baba mai gyara. Baba ya tsuguna, ya ƙirga haƙoran ƙaramin farantin gaba da ɗan yatsa, ya ce, "Ashirin da takwas ne. A cire a sa mai ashirin da huɗu. Noti biyar ne kawai, kafin shayinka ya huce na gama."

Da ya yarda a nan take, da yau ba a rubuta wannan sanarwa ba. Sai ya ce bari ya ɗan ji ta bakin 'yan ƙungiya. Kaico! Ya rubuta tambayar layi biyu a zauren hirarsu na waya, aka yi wata uku ana amsa ta. Aka rabu gida-gida. Masu faranti ɗaya a gaba suka ce faranti uku kayan tarihi ne. Masu faranti biyu suka ce masu ɗaya ba su taɓa hawan tudu na gaske ba. Wani ya turo jadawali mai launi huɗu, wani ya ce jadawalin ƙarya ne tunda ba a sa faɗin taya a lissafi ba. Mutum biyu suka fice daga zauren suka dawo. A cikin duk masu wannan hayaniya babu wanda ya zo ya kalli Amale da idonsa.

Wanda ya yi nasara shi ne Injiniya. A nan ya kamata a yi bayani, don kada sunan ya ruɗi jama'a: firji da na'urar sanyaya ɗaki yake gyarawa. Ya zo shago da kansa, ya ja kujera, ya ce, "Haba yaya, mutum kamarka da giya bakwai? Duniya ta wuce nan. A sa maka sabon wili a baya mai giya goma sha ɗaya, babbar cikinsu kamar murfin tukunya. Da ita ko bango ka hau." Dogon Tela ya ce Baba ya ce a canza faranti kawai. Injiniya ya yi dariya har da dukan cinya, ya ce Baba mutumin kirki ne, amma iliminsa ya tsaya tun zamanin da ake kunna fitilar keke da taya.

Aka kawo sabon wili ranar Lahadi, aka kwantar da Amale a tsakar gida ƙafa a sama. Wili ya ƙi shiga. Ya fi tsakanin ƙafafun bayan firam ɗin faɗi da kaurin babban yatsa da ɗoriya. Kowane mai hankali a nan zai tsaya. Injiniya kuwa ya ce ai ƙarfe ne, ƙarfe kuma buɗa shi ake yi, ya gani ana yi a bidiyo. A bidiyon da katako ake yi, a hankali, ana yi ana aunawa. Shi ba shi da katako, sai ya je but ɗin motarsa ya ɗauko jak.

Mai ɗakin Dogon Tela tana shanya a lokacin. Ta tsaya da rigar a hannu ta ce, "Baban yara, ba kai ne kullum kake faɗa da mutane ba, kana cewa riga ba ta buɗuwa fiye da abin da aka bari a ɗinki?" Ya ce mata wannan harkar keke ce, ba ta gane ba. Ta ce to, ta ci gaba da shanyarta. Yana so a rubuta a nan, a gaban kowa, cewa ta gane sarai.

Shi ya riƙe kan Amale da hannunsa biyu. Wannan ne abin da ya fi ci masa rai. Injiniya ya murɗa jak sau ɗaya, ya murɗa sau biyu, ya ce saura ƙiris. A murɗa ta uku marigayin ya yi wata magana da ba a taɓa jin ya yi ba cikin shekara goma sha tara: ƙas! Ba da ƙarfi ba ma. Ƙafar dama ta tsage daga gindi, kusa da inda feda take juyawa. Injiniya ya leƙa, ya shafa wurin da yatsa, ya ce ai dama akwai tsatsa a ciki, gara da abin ya faru a gida.

Ko a nan da sauran rai. Baba, da aka kira shi, ya ce a bar masa, akwai mai ɗinke irin wannan siririn bututu da jan ƙarfe da wuta mai laushi, amma sai Alhamis zai dawo gari. Zauren waya ya ce Alhamis ta yi nisa. Aka ɗora Amale a bayan mota ranar Talata aka kai shi wurin mai waldan ƙofofi da tagogi, mutumin da bai taɓa riƙe ƙarfen da bai kai kaurin yatsa ba. Ya rufe fuska, ya ɗora wuta. Inda tsaga take sai ga rami, har kana hango ƙasa ta ciki. Ya bi ramin don ya cike, ramin ya bi bututun. Baba ya iso a makare, ya duba, ya cire hularsa ya sake sakawa, ya ce, "Ku ɗauke shi ku kai gida." Har yau bai ce ai na faɗa muku ba. Dogon Tela ya ce da ma ya faɗa, da ya fi masa sauƙi.

Marigayin ya rasu ya bar sirdi ɗaya na fata wanda ya ɗauki shekara biyu kafin ya saba da mai shi, da kariya biyu, da jakunkuna huɗu da aka riga aka shirya aka auna nauyinsu, da famfo, da ƙararrawa, da tsohon wilin baya mai giya bakwai wanda lafiyarsa ƙalau, yana jingine a bayan ƙofa. Sabon wili mai giya goma sha ɗaya ba ya cikin dangi. Wanda ya kawo shi ya zo ya ɗauka.

Ana godiya ga waɗanda suka yi tayin aron keke. An gwada uku. Na farko keken tsere ne marar nauyi, ba shi da hudar ɗaura ko cokali, balle kariya. Na biyu da na uku kuwa, Dogon Tela ya hau ya zagaya layi sau ɗaya, gwiwa a ƙirji, ya sauko yana ɗingishi. Baba ya kwashe kwana biyu yana bin shaguna da lunguna da tef ɗin telan a aljihu, babu firam mai wannan tsayi a garin nan. Wanda aka samu a wani gari sai bayan sati uku zai iso, lokacin mai shi yana kwance an naɗe masa ƙafa. Saboda haka ana roƙon jama'a su daina cewa Allah ya sa haka ne mafi alheri da sigar tambaya, su kuma daina cewa akwai baɗi. Likita ya riga ya yi magana a kan baɗi.

Ga tsarin jana'iza. Ranar Juma'a da yamma Baba zai kwance sauran kayan jikin mamacin, shi kaɗai, ba a bukatar mataimaki. Ba za a ba masu sayen tsohon ƙarfe firam ɗin ba, kada ma su wahalar da kansu. Za a goge shi, a rataye shi a bangon shago sama da teburin yanka. Za a karɓi gaisuwa ranar Asabar da ƙarfe bakwai na safe a ƙofar shagon, tunda dama nan ne matattarar tafiya kuma ba a canza ba. Mai zuwa ya zo da gaisuwarsa kawai. Wanda ya buɗe baki ya ambaci haƙoran faranti, ko ya ce da an yi kaza, za a raka shi bakin titi. Injiniya yana iya zuwa, ya tsaya daga tsallake.

Daga ƙarshe, sakataren ƙungiya ya aiko cewa an ba ƙanin matar Injiniya gurbin Dogon Tela a tafiyar, don kada lissafin masauki ya lalace. Rigunan tafiyar masu dogon hannu, guda goma sha huɗu, Dogon Tela ne ya ɗinka su, kowa da awonsa, tasa ce ya ɗinka ƙarshe. Ita za a ba sabon mutumin. Ya zo jiya an auna shi, bai kai kafaɗar telan ba, sai an rage taƙi guda a kowane hannu, da wani taƙin a ƙasa. Babu wani tela a layin, kuma ana son rigar kafin a tashi.

Don haka duk wanda ya zo gaisuwa ya tarar da shi tsaye a teburi da almakashi a hannu, ya nemi wuri ya zauna, ya bar shi ya gama yankawa.