Ruwan Gwajin Kifin Alhaji

Ba zan taɓa mantawa da abin da na yi wa kifin Alhaji ba, kuma ko na so mantawa, 'yan ajinmu ba za su bari ba.

Alhaji maigidana ne, a gidansa nake aiki. Ya yi aiki a tashar jiragen ruwa a Ikko, da ya yi ritaya ya dawo Ƙanƙara da akwatin gilashi mai kifayen teku, rawaya da shuɗi. Babu wanda ya kai tafin hannu, kuma ba a cin su (na tambaya). Ni ke kula da su.

Kifin teku ba ya rayuwa sai a ruwan gishiri, gishirin ma da ƙa'ida. Akwai wata 'yar na'ura kamar tocilan. Ka ɗiga mata ruwa, ka leƙa, ka ga lambar da layi ya tsaya. Sai dai ita ma takan kauce. Shi ya sa ake haɗa ruwan gwaji a gida, gishirin miya da aka auna a sikeli a zuba cikin tataccen ruwa. In ka ɗiga shi layin bai tsaya a talatin da biyar ba, ka murɗa wani ɗan noti har ya tsaya. To na'ura ta saitu.

Idon Alhaji ya yi rauni, ni kuma na shiga ajin yaƙi da jahilci, na fara gane lambobi. Sai ya damƙa mini aikin. Ya ce gishiri kaza, ruwa kaza, a girgiza. Na tsaya ina jiran ya ce sukari. Bai ce ba.

Ni na reni 'ya'ya. Duk wanda gudawa ta kama, abin da aka koya mana a asibiti ke nan: gishiri, sukari, ruwa mai tsabta. Tunda nake ban taɓa ganin an auna gishiri don lafiyar wata halitta an bar sukari a baya ba. Na ce a raina, tsufa ne. Ba a kuma kallon dattijo a ce masa ya manta. Sai na rufa masa asiri, na sayo sukari da kuɗina na zuba a ruwan gwajin.

Ashe na'urar ba ta bambanta gishiri da sukari, kaurin ruwa kawai take gani. Layi ya wuce inda ake so, na murɗa noti na dawo da shi. Da na gwada ruwan kifi, sai ta ce gishiri ya yi kaɗan. Na riƙa ƙarawa a hankali, kamar yadda aka koya mini. Kifi suka rage cin abinci, suka laɓe bayan dutse. Alhaji ya shiga damuwa, don a Ƙanƙara in suka mutu ba kasuwar da za ka je ka sayo wasu.

A wannan makon ne na gayyato malaminmu da 'yan aji su ga aikina. (Na riga na cika su da labari, har na ce ba kowa ke iya leƙa na'urar ba.) Alhaji ya karɓe su a falo, ya ce in ɗauko kwalbar gwaji in nuna musu.

Na je ɗaukowa, sai ga kiyashi sun yi layi tun daga taga har murfin kwalbar. Na share su da hannun riga. Malam Garba mai faci, wanda muke benci ɗaya, ya riga ya gani.

"Alhaji," in ji shi, "kiyashin gidanga gishiri suke sha?"

Alhaji ya miƙo hannu. Ya ɗiga a yatsa, ya lasa. Sai ya juyo wurina.

"Malam, mi ka zuba a nan?"

"Abin da ka ce, Alhaji. Da wanda ka manta."

"Na manta mi?"

"Sukari."

Ya dubi kifin, ya dube ni. "To a cikinsu wa ke zawo? Kifin ko na'urar?"

Malaminmu ya sunkuyar da kai kamar yana neman takalminsa. Malam Garba bai ɓoye komai ba, shi kam har ya zame daga kujera.

Nan take Alhaji ya sa na haɗa wani a gabansa, 'yan aji na kallo. Aka saita na'ura, aka gwada ruwan kifi, layi ya haye sama. Muka yi kwanaki muna rage gishirin da tataccen ruwa kaɗan-kaɗan. Allah Ya taimake ni kifin duk suka tashi, kuma ba a kore ni ba. Sai dai rawayan har yau in na matso yakan juya mini baya.

A aji yanzu sunana Likitan Kifi, kuma ina amsawa.

Abin da na koya shi ne, in kana zaton dattijo ya manta, ka durƙusa ka tambaye shi. Kunyar ba ta kai ta kiyashi ba. Kwanan baya Alhaji ya aike ni haɗa sabon ruwan gwaji, na tsaya a bakin ƙofa na ce, "Gishiri da ruwa kaɗai?"

Ya ce, "Sai in kana son madara."