Rasuwar Mai Gurnani

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hannu mai baƙin mai, Auta yana sanar da 'yan'uwa da maƙwabta rasuwar motar gidansu, wadda duk layi ya sani da Mai Gurnani. Ta cika a kan gadar sama, bayan doguwar jinya.

Marigayiyar ba haka ta fito daga kamfani ba. Yayan Auta, Allah ya jiƙansa, shi ya mai da ita mutum. Ya sa mata salansa mai faɗin baki, ya cire iya-kilinarta, wato matatar iska, ya ɗaura wata buɗaɗɗiya mai jan soso, wai don ta shaƙi iska ta ƙoshi. Tun daga ranar, in ta karyo kwana sai tagogi su ɗauki rawa: gurrr, gurrr, bam! Bayan rasuwar Yaya, Auta ya gaje ta. Inna, mahaifiyarsu, idonta ya tafi, tunaninta ma ya soma binsa. Kullum da yamma tana zaune gindin taga, da ta ji gurnanin sai ta ce, "Ga babbana nan, ku zuba masa ruwa." Ba wanda ya taɓa gyara mata zance.

Ciwon ya fara ne da jinkiri. A taka totur, sai ta yi jim kamar wadda aka tambaya ina ta kwana, sannan ta zabura. Aka canja fulogi, aka wanke maƙogwaron totur, aka sauke famfon mai, duk a banza. Mai wayarin ya jona kwamfuta ya ce sansar auna iska ce ke yi wa inji ƙarya. Aka sa sabuwa, ta miƙe, gida ya yi murna. Ba a jima ba ciwon ya dawo.

Sai bayan ta cika, da bakanike ya buɗe ta, aka ga abin da ya ci ta. Yaya ya taɓa cewa soson iya-kilinar nan yana son ɗan mai. Auta kuwa bai san ɗan kaɗan ba in ana zancen Yaya. Duk mako sai ya wanke shi ya dulmiya shi cikin mai har yana ɗiga. Man ya riƙa bin iska yana toshe siririyar wayar sansa, inji yana shan iska babu isasshen fetur, har ya ɗau zafi ya buga. "Gata ne ya yi mata yawa," in ji bakanike. Auta ya zauna a kan tsohuwar taya ya yi kuka, bai ɓoye ba.

Ta rasu ta bar tayoyi huɗu, ɗaya mai faci, da batir mai sauran kwana, da hular Yaya a aljihun gaba.

Janwe, mai jan matattun motoci, zai ɗauki gawar gobe daga gareji zuwa wurin 'yan gwangwan. Ba za a bi da ita ta ƙofar gida ba, kuma kada kowa ya shiga yi wa Inna gaisuwa, domin ba a faɗa mata ba. Mai son ya yi wa Auta ta'aziyya, in motarsa tana da murya, ya biyo ta layin da yamma. In ya zo daidai taga mai shuɗin labule, ya rage gudu, ya taka totur sau biyu, ya wuce.